Inda Baƙin Man Mota Yake Tafiya

Mafi yawan ƙananan motocin da ke zirga-zirga a Minna, daga Chanchaga zuwa Bosso, daga Kpakungu zuwa Maitumbi, ba a nan suka fara aiki ba. Sun yi shekara goma ko fiye a titunan Amurka ko Turai kafin a sauke su a Legas ko Kwatano, su zo hannunmu da sunan tokumbo ko 'yan Beljiyam. Injin da ya ci kilomita 200,000 kafin ya ga Neja yana iya ƙara cin wasu masu yawa, muddin baƙin mai bai yanke masa ba. Shi ya sa a garejojin Keteren Gwari ba a rasa mai mota da zai tsaya ya ce, "Oga, motar nan tana shan mai." Amsar da ke biyo baya sau da yawa ita ce, "Alhaji, sai an sauke inji an yi ringi." Wani lokaci gaskiya ce. Wani lokaci kuwa abin da ya lalace bai kai kuɗin galan ɗaya na mai ba. Rarrabe waɗannan biyun ba sai mutum ya zama bakanike ba. Abin da yake bukata shi ne ya san hanyar da man ke bi a cikin inji, ya kuma iya auna shi daidai.

A ƙarƙashin inji akwai wani kwanon ƙarfe da kanikawa ke kira botom, inda man ke kwanciya idan mota tana kashe. A ƙaramar mota mai silinda huɗu, irin Corolla ko Golf, man da ke ciki kusan lita 4 ne, galan guda ke nan. Da an tayar da inji, famfon mai zai zuƙo shi ta wata 'yar rariya, ya tura shi cikin filta ta tace, daga nan ya bi ƙananan hanyoyin da aka huda a jikin inji har ya kai duk inda ƙarfe ke motsi a kan ƙarfe. Wurin da ya fi bukatarsa shi ne kiranshaf, babban ƙarfen da fistin-fistin ke juyawa. Yana kwance ne a kan wasu siraran ƙarafa masu sulɓi da ake kira metal, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashin kai ba. A wannan 'yar tazara man ke kutsawa da ƙarfi ya ɗaga kiranshaf, ta yadda a kan mai yake juyawa, bai taɓa ƙarfe ba. Idan allurar juyin inji ta tsaya a kan 3, kiranshaf na juyawa sau 3,000 a minti, sau 50 a kowace daƙiƙa. Man ya yanke na ɗan lokaci kaɗan a wannan gudu, ƙarfe zai haɗu da ƙarfe, metal ya goge ko ya narke, sai a ji ƙwanƙwasa daga ƙasan inji. Abin da ake nufi ke nan idan aka ce inji ya buga.

Man yana da wasu ayyukan kuma. Yana kwashe zafi daga ƙarƙashin fistin, inda ruwan lagireto ba ya kaiwa. Yana riƙe dattin ƙuna a jikinsa har ranar juye. Yana cike 'yar kafar da ke tsakanin zoben fistin, wato ringi, da bangon silinda, don kada ƙarfin wuta ya tsere. Saboda haka idan lita 4 ta koma 2, wanda ya saura shi zai ɗauki zafi da dattin da ninkinsa ya kamata ya ɗauka, sai ya tsinke ya lalace tun lokacin juye bai yi ba.

Abin awon kuwa shi ne mafi sauƙi a jikin mota: siririyar sandar ƙarfe mai mariƙi rawaya ko ruwan lemo, wadda ake kira geji, ƙarshenta na nutse cikin botom. Tana da alamomi biyu, ko ɗigo, ko 'yan huji, ko haruffan L da F. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, tazarar da ke tsakanin alamomin nan ba ta wakiltar dukan man da ke cikin inji. Kusan lita 1 ce, a wasu motocin lita 1 da rabi. Idan mai ya sauka zuwa alamar ƙasa, da sauran kusan lita 3 a ciki. Inji bai shiga haɗari ba tukuna, amma ya zo bakin iyaka. Idan kuwa geji ya fito a bushe ƙayau, ba wanda zai iya cewa ko lita 2 ce ta rage ko rabin lita.

Geji ba ya faɗin gaskiya sai an cika masa sharuɗɗa. Na farko, mota ta tsaya a wuri mai daidaito. Minna gari ne mai tudu da gangare, kuma ƙofar gidaje da yawa an karkata daɓenta zuwa kwata don ruwan damina ya wuce. Motar da ta karkata, man cikinta ma ya karkata, sai geji ya nuna ƙari ko ragi na ƙarya. Filin gidan mai yakan fi dacewa. Na biyu, lokaci. Inji na aiki, wani kaso na man yana sama, a cikin tof, wato kan inji, da hanyoyin mai, kuma yana bukatar minti 5 zuwa 10 bayan kashewa kafin ya gangaro. Wanda ya kashe mota ya zaro geji nan take zai ga mai ya yi ƙasa, ya ƙara, alhali ba abin da ya ragu. Da sassafe kafin a tayar da mota ma lokaci ne mai kyau. Zarowar farko ba a karanta ta, domin man ya fantsala a jikin sandar: a goge da tsumma mai tsabta, a mayar har ta zauna daram, a sake zarowa, a riƙe ta ƙarshenta na kallon ƙasa, a duba fuskokinta biyu, a ɗauki wadda ta fi ƙasa. In ƙari za a yi, a zuba kaɗan-kaɗan ana jira ana sake dubawa. Mai da ya wuce alamar sama shi ma matsala ne, domin kiranshaf zai riƙa dukansa ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta ɗaga ƙarfe.

Geji yana ba da wani labarin ban da yawa. Baƙin launi kaɗai ba laifi ba ne. Alama ce man na kwashe datti, kuma a injin dizal yakan yi baƙi jim kaɗan bayan juye. Abin lura shi ne idan aka murza tsakanin yatsu aka ji tsakuwa-tsakuwa, ko aka ga ƙyallin ƙarfe a tsumma, ko ya tsinke yana warin fetur. Mai da ke ƙaruwa da kansa ba a zuba ba ya fi mai raguwa ban tsoro, domin wani abu ne ke shiga cikinsa, ko fetur ko ruwa.

Akwai kuma jar fitilar nan mai siffar buta a gaban direba, wadda mutane da yawa ke jira ta gaya musu mai ya ragu. A yawancin motocin da ke hannunmu, ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin turinsa take aunawa, kuma ba ta kamawa sai ƙarfin ya faɗi ƙasa warwas. Mota na iya rasa rabin manta fitilar ba ta ce komai ba. Idan ta fara ƙiftawa a kan kwana ko lokacin taka birki, ma'anarta man ya yi ƙarancin da yake gudu gefe guda, famfo na zuƙo iska. Idan ta kama ta tsaya mota na tafiya, a gangara gefen titi a kashe inji nan take, ko da ana hango garin gaba, ko Paiko ne ko Lambata. Lallaɓawa zuwa gareji ita ke mayar da gyaran ƙaramin kuɗi ya zama sayen wani inji.

To, nawa ne ragin da ya wuce kima? Kowane inji yana ƙona mai kaɗan, domin dole wani abu ya saura a bangon silinda inda wuta ke tashi. Littattafan motocin Toyota da dama sun sa iyakar a kan lita 1 cikin kilomita 1,000, na Volkswagen kuma rabin lita. Wannan iyaka ce ta ƙarshe. Lafiyayyen inji yakan kai daga juye zuwa juye bai taɓa alamar ƙasa ba. Hanyar sani ɗaya ce: a cika mai zuwa alamar sama, a rubuta lambar tafiyar da ke kan mita, a riƙa dubawa a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, har ya sauka zuwa alamar ƙasa, sannan a ga kilomita nawa aka ci. A lura cewa motocin da aka shigo da su daga Amurka mil suke ƙirgawa, kuma mil 1 kilomita 1.6 ne. Lissafin yana da amfani ƙwarai ga direban haya. Daga Minna zuwa Suleja kusan kilomita 100 ne. Mai zuwa ya dawo sau ɗaya a rana yana cin kilomita 1,000 cikin kwana biyar. Idan motarsa na shan lita 1 a wannan nisa, cikin mako biyu ya rasa kusan lita 3 daga cikin 4, alhali ranar sabis ba ta ko matso ba.

Man da ya ɓace ɗaya daga hanyoyi uku ya bi: ko ya zuba waje, ko ya ƙone a cikin silinda, ko ya gauraya da ruwan lagireto.

Yoyo shi ya fi sauƙin kamawa. A shimfiɗa kwali ƙarƙashin mota da daddare, da safe a duba launin ɗigon da inda ya faɗa. Baƙi ko ruwan ƙasa a ƙarƙashin inji, baƙin mai ne; ja yawanci man giya ne ko na sitiyari; ruwa garai kuwa daga na'urar sanyaya mota yake, ba komai. Sai dai kwali na iya fitowa fes alhali akwai yoyo, domin wasu wuraren ba sa zubarwa sai inji na aiki, kuma ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana iya kai lita cikin tuƙin awa shida ko makamancin haka. Gano asalin wurin ma yana da dabara. Mai yana gangarowa ƙasa, iskar gudu kuma tana kora shi baya, don haka inda yake ɗiga ba nan ne inda ya fito ba. A ƙurar Minna injin mai yoyo yakan yi ɓawon baƙin datti da ke rufe komai. Sai an wanke shi, an yi tuƙin yini guda, sannan a nemi wuri mafi tsayi da ya jiƙe. Sau da yawa gasket ɗin murfin saman inji ne ya bushe ya tsage saboda zafi da tsufa. Alamarsa warin ƙonewar mai bayan tsayawa, da mai kwance a ramin fulogi. Ko filta ce ba a ɗaure daidai ba, ko robar tsohuwar filta ta manne aka ɗora sabuwa a kanta. Ko 'yar washar noti na juye ce aka maimaita sau da yawa har ta mutu. Ko ɗan makunnin jar fitilar nan ne ke tsartuwa. Duk waɗannan ƙananan gyara ne. Masu wahala su ne robobin da ke toshe ƙarshen kiranshaf gaba da baya, waɗanda ake kira oyil sil; na baya sai an sauke giya kafin a kai gare shi. Botom kansa yana iya lotsewa ko tsagewa idan ƙasan mota ya daki dutse, abin da masu bin hanyar Bida ko ta Suleja a shekarun da manyan motoci suka farfasa su sun sani sarai.

Idan inji a bushe yake ta waje amma mai na raguwa, to yana ƙonewa, kuma ƙofofi biyu yake bi ya shiga wuta. Ta sama, ta robobin da ke kan wuyan bawul: idan sun bushe, mai na tsiyaya cikin silinda cikin dare, sai a ga shuɗin hayaƙi da tayarwar safe, ya ɗauke bayan ɗan lokaci, ya sake bayyana idan an daɗe a tsaye cikin cunkoso aka taka totur. Ta ƙasa kuma, ta ringi: hayaƙin na ƙaruwa ne idan mota ta ɗauki kaya ko tana hawan tudu. Launi na da muhimmanci: shuɗi mai ne, baƙi fetur ne ya yi yawa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa ruwa ne. Rashin hayaƙi kuma ba shaida ba ce, domin matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda ake kira indomi, tana cinye shi idan tana nan da lafiyarta. Fulogi ya fi faɗin gaskiya. A kwance su a jera bisa tsarin silinda: wanda ya jiƙe da mai ko ya tara ɓawon toka ya nuna silindar da ke da matsala.

Fistin yakan ɗauki zobe uku. Biyun sama suna riƙe ƙarfin wuta, na ukun yana kankare mai daga bangon silinda ya mayar da shi botom ta wasu ƙananan huji a jikin fistin. Zoben na iya cinyewa, yana iya kuma maƙalewa, kuma yanayin Minna na taimaka wa duka biyun. Ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, da ta ayyukan titunan da suka mamaye garin tun bayan 2023, garin dutse ce mai kaifi. Filtar iska ce ke tare ta. Amma an saba kai filtar wurin mai faci a hure ta da iska mai ƙarfi, takardarta ta huje ba a gani ba. Ko maƙallan akwatinta su karye a ɗaure da waya. Ko robar da ta tashi daga akwatin zuwa inji ta tsage ta ƙasa. Ƙurar da ta wuce nan kai tsaye take goge ringi da bangon silinda. Maƙalewa kuwa daga gawayin ƙonannen mai take zuwa, idan ana jinkirta juye ko ana zuba mai marar kyau, ga zafin Maris da Afrilu da ke kusantar digiri 40. Cire tamostat, wanda ake yi da nufin hana mota zafi, yana sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, fetur da danshi su taru cikin mai su zama laka. Wani lokacin kuma daga ƙira ne: a 2011 kamfanin Toyota ya fitar da sanarwa ga kanikawansa a Amurka kan shan mai a injinsa na lita 2.4 mai lamba 2AZ-FE, wanda ke cikin Camry samfurin 2007 zuwa 2009, gyaran da ya bayar kuwa shi ne canza fistin da ringi zuwa sabon samfuri. Waɗannan motoci suna da yawa a titunanmu.

Kafin a ɗora wa ringi laifi, akwai ɗan ƙaramin abu da ake yawan mantawa da shi. Komai lafiyar inji, wani hayaƙi na tserewa ta gefen fistin ya taru a ƙasa. Tun farkon shekarun 1960 aka fara sa wa motoci a Amurka wani ɗan bawul mai suna PCV, wanda ke mayar da hayaƙin nan cikin inji ya ƙone. Bawul ɗin numfashi ke nan. Bai fi babban yatsa girma ba, yana kan murfin saman inji. Idan ya toshe, iska na cika inji ta tura mai waje ta kowace roba, sai a yi ta canza oyil sil yana sake yoyo. Idan ya maƙale a buɗe, inji ya riƙa zuƙar mai yana ƙonawa, da alamomin da ba su da maraba da na mataccen ringi.

Hanya ta uku ba ta cika faruwa ba, amma ta fi gaggawa. Gasket ɗin da ke tsakanin tof da jikin inji shi ya raba mai da ruwa da wuta. Idan ya ƙone, yawanci bayan mota ta yi zafi fiye da kima, sai a ga mai na yawo a bakin lagireto, ko man geji ya koma launin shayi mai madara, ruwa kuma na raguwa ba yoyo. 'Yar farar laka a ƙarƙashin murfin zuba mai kaɗai ba hujja ba ce, domin gajerun tafiye-tafiye a damina na iya kawo ta. Lagireto kuwa ba a buɗe shi sai inji ya huce.

Akwai gwajin da ke raba gardama kafin a kwance noti ɗaya na inji. Ana ɗaura ma'aunin matsi a ramin fulogi, a ga ƙarfin kowace silinda. Wadda ta yi ƙasa, a zuba mata cokali guda na mai a sake aunawa: idan lambar ta tashi sosai, ringi ne, idan ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. Gwajin bai cika ba, domin zoben kankare mai na iya maƙalewa matsi na nan daidai, amma idan aka haɗa shi da yanayin fulogi da lokacin hayaƙi da lissafin kilomita, da wuya a yi kuskure.

A nan ne nake ganin ana yawan gaggawa. Maganin da aka fi bayarwa ga mota mai shan mai shi ne a koma 20W-50. Lambobin nan tsari ne na ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE: ta farko na nuna gudanar mai cikin sanyi, ta biyu kaurinsa a digiri 100. Mai kauri na rage hayaƙi, kuma ga tsohon inji irin na Peugeot 504 daidai ne. Amma injin da aka ƙera wa 5W-30 ko 5W-20 hanyoyin mansa matsattsu ne. Mai kauri na jinkirin kaiwa sama da safe, yana kuma wahalar komawa ta hujin fistin da tuni suka fara toshewa. Ya ɓoye ciwon, bai warkar ba. Haka kuma ƙari bai maye gurbin juye ba, domin mai ne ke ƙonewa, datti na nan. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin baƙin mai ya tashi, saboda ɗanyen man da ake haɗa shi da shi daga waje ake shigo da mafi yawansa, sai man awo a robar ruwa ya samu kasuwa. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sha gargaɗi da kame kan jabun mai. Man da ba a ga an ɓalle hatimin galan ɗinsa ba, ba a san abin da ke cikinsa ba.

A ganina tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara da lissafin kilomita, a wanke inji a toshe yoyo, a duba bawul ɗin numfashi da filtar iska, sai gwajin matsi, kafin a yi maganar sauke inji. Motar da ke shan lita 1 cikin kilomita 3,000, ba ta jiƙa fulogi, ƙarfinta bai ragu ba, tana iya shekaru a haka idan mai ita na duba geji duk lokacin da ya sha fetur yana kuma ajiye lita guda a but. Wadda ta kai lita 1 cikin ƙasa da kilomita 1,000 tana bukatar buɗewa. Idan an buɗe, a nemi bakanike ya auna faɗin silinda, ya kuma buɗe hujin fistin da suka toshe, domin sabon ringi a cinyayyar silinda ba ya daɗewa. Bayan aikin, sabon ringi na bukatar 'yar tafiya kafin ya zauna, don haka sai an yi juyen farko sannan a cika zuwa alamar sama, a rubuta lambar mita, a sake lissafin daga farko.